Motar Gaya

Tun ranar da Sagiru ya kawo zancen tafiyar, yayansa Abba bai so ta ba. A zauren gidansu na Balan suka yi maganar, bayan mahaifinsu Malam Da'u ya shiga ciki. Abba ma'aikaci ne a sakatariyar Gaya, kuma mutum ne da ba ya son abin da ba a saba ba. Ya ce wane irin ɗa ne zai ɗauki tsoho mai hawan jini ya kai shi Nijar kallon tsofaffin garuruwa, ga damina ta ƙarato. Sagiru, wanda ke koyar da tarihi a wata sakandare a Ajingi, ya ce ai don tsohon ma ya shirya tafiyar. Tun rasuwar Baffa Kabo Baba ya zama shiru-shiru, gara ya fita ya ga duniya.

Kowa a gidan ya san labarin Baffa Kabo. Wan mahaifinsu ne, kuma a ƙarshen rayuwarsa hankalinsa ya gushe. Sai ya tsaya a ƙofar gidan da aka haife shi yana tambayar masu wucewa hanyar gida. Abin da dangi suka koya shi ne kada a yi masa musu. In ya ce nan ba Balan ba ce, sai a ce haka ne, Baffa, gobe za a kai ka. Malam Da'u ya fi kowa iya wannan lallashin, shi ya yi jinyar wan nasa har ya cika. Daga lokacin, duk ranar da Malam Da'u ya manta inda ya ajiye carbinsa, sai 'ya'yan su saci kallon juna, suna tsammanin bai gani ba.

Abba ya haƙura daga baya, amma da sharaɗi. Katin shaidar Baba, da wayarsa, da maganinsa, duk Sagiru ne zai riƙe, kada a bar wa tsohon komai da zai iya yarwa. Da Sagiru ya miƙa hannu zai karɓa a tashar Ajingi, Malam Da'u ya ɗan daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro su daga aljihu ya ba shi.

Shi Sagiru in ya ga tsohon garu, sai ka ce ya ga ɗan uwansa da ya daɗe a Makka. Ya ce kowa Misira yake ambato, kowa Timbuktu, alhali ga garuruwa nan a maƙota da ba wanda ya damu da su. A Damagaram ya ja mahaifinsa lungu-lungu cikin Birni, yana nuna masa gidajen ƙasa masu zane da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, yana zuba bayani kamar yana gaban allo. Malam Da'u yana biye da shi, yana cewa to, to. Abin da ya tsaya ya duba da kansa shi ne rumbuna. A Ƙonni ma, ana nuna masa inda tsohuwar ganuwa ta bi, shi kuwa ya durƙusa ya ɗebi ƙasa yana murzawa, ya ce wannan gero za ta yi, gyaɗa kam sai dai a gwada. Da surutun ya ishe shi sai ya ce ai Gayarsu ma tsohon gari ce, har an ce Kano daga can ta fita, amma bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗin mota don ya kalle ta ba.

Sagiru ya yi dariya a ransa, don akwai abin da ya ɓoye. A kudancin Dosso, a bakin kogin Kwara, akwai wani tsohon garin Dandawa, shi ma sunansa Gaya. Shi ya ajiye ya zama zangon ƙarshe. Yana so su sauka kawai, ya nuna wa Baba allon gari, ya ce ga shi ya kawo shi Gaya, ya ga yadda tsohon zai yi. Tun a gida yake tattalin wannan wasan, ko matarsa bai gaya wa ba.

Da safe a Dosso Abba ya kira. An yi ruwa a Balan, ruwa na sosai, har ya kwanta a kwararo, mutane sun fita shuka. Malam Da'u ya mayar wa Sagiru wayar, ya ce a haɗa kaya. Sagiru ya ce saura kaɗan, ga fadar Zarmakoi, sarkin garin, ba su gani ba, ga wani wuri ɗaya bayanta, kuma ai Yaya Abba zai sa a shuka. Tsohon ya ce Abba bai san inda ya ware irin dawar da za a sa a gonar gabas ba, kuma shi tun da ya yi wayo ruwan fari bai taɓa sauka ba ya nan ba. Sagiru, da zafin kai irin na malaman makaranta, ya ce gona ba guduwa za ta yi ba. Ya ga maganar ta sauka inda bai so ba, amma bai janye ta ba.

Malam Da'u ya ce shi ƙafarsa ta gaji da fadoji. Sai Sagiru ya zaunar da shi a bencin wani mai shayi kusa da tasha, ya ba shi kuɗin kashewa ko zai so goro, ya ce yanzu zai dawo. Yanzun Sagiru kuwa, in akwai tsohon gini a gabansa, ba yanzun mutane ba ce. Ya samu wani dattijo mai bayani a bakin fada, hira ta yi daɗi, bai ankara ba sai da rana ta take tsaka.

Da ya dawo bencin ba kowa. Ya leƙa masallacin tasha, ya duba wajen masu goro, ya dawo. Mai shayin yana wanke kofuna, ya ɗago ya gane shi.

"Tsohonka? Ya tahi. Ya ce in hwaɗa maka ya yi gida, kai ka ida kallonka."

"Gida? A wace mota?"

"Ta Gaya."

A daidai lokacin Sagiru ya ji muryar da tun ɗazu take cikin kunnensa bai saurare ta ba. Wani kamasho ne a bakin tasha yana bubbuga jikin wata bas, yana kiran Gaya, Gaya, saura mutum kaɗan. Mai shayin ya ce tsohon ya tambayi kamasho ko motar kai tsaye za ta, aka ce masa kai tsaye, ya tambaya yaushe za ta isa, aka ce kafin la'asar, har ya yi hamdala ya ce ashe ba su yi nisa ba. Waccan motar ta daɗe da tashi. Sagiru ya taɓa jakarsa, ya ji katin, ya ji wayar, ya ji kwalin maganin da ba a sha na rana ba.

Bas ɗin da ke lodi ba ta cika ba, direban kuma ba ya cikin sauri. Sagiru ya biya kujerun da suka rage, aka tashi. Da can in ya shiga mota a baƙuwar ƙasa, idonsa na taga, yana tambayar sunan kowane ƙauye. Yau ba ya ganin komai. Abin da ke kai-komo a kansa shi ne garin kan iyaka ne, akwai gada, akwai wata ƙasa a ƙetare, ga tsoho ba kati, ba waya, Hausa kaɗai yake ji. In aka tsare shi fa? In jinin ya hau ya faɗi a cikin mutane, wa zai san ɗan wane ne? Duk lokacin da direba ya taka burki don ɗaukar buhu ko sauke wata mata da kajinta, sai ya ji kamar ya sauka ya tura motar da hannunsa.

Wayarsa ta yi ƙara. Abba ne. Ya bar ta ta katse, ta sake. A karo na gaba ya ɗauka, Abba ya ce a ba shi Baba, zancen irin dawa ne, ga masu shuka suna jira. Sagiru ya ce Baba ya ɗan kwanta. Abba ya ce to wannan ƙarar mota ce yake ji ko me? Sagiru ya ce hanya ce kusa da masauki, ya kashe. Matar da ke gefensa ta dube shi ta kawar da kai, kunya ta kama shi kamar an kama shi da hannu a tukunya.

A wani shinge jandarmomi suka tsayar da su, kowa ya fito da katinsa. Sagiru ya nuna nasa, ya nuna na mahaifinsa, ya tambaya ko mai wannan hoton ya wuce. Jandarman ya duba, ya ce ya tuna shi, dogon tsoho mai farar riga. Ba shi da takarda, amma da aka tambaye shi sai ya ce shi mutumin Gaya ne, kakansa ma a can aka binne shi, gida za shi shuka. Ya faɗe ta da ƙarfin zuciyar da ba wanda ya ga dalilin saukar da shi. Jandarman ya sake kallon katin, ya ga Najeriya, fuskarsa ta canja. Sai da Sagiru ya yi ta bayani, fasinjoji suna tsaki, kafin aka yarda cewa tsohon bai yi ƙarya ba.

Sun shiga Gaya bayan la'asar. Ga allon garin nan a bakin hanya, wanda ya yi ta mafarkin nuna wa Baba, ya wuce shi ko kallo na biyu bai yi masa ba. A tasha ya bi masu lodi ɗaya bayan ɗaya da katin a hannu. Wani mai sayar da rake ya ce ya gan shi. Tsohon ya sauka yana dube-dube, ya tambayi inda ake hawan motar Balan. Ba wanda ya san Balan. Ya ce to ta Ajingi fa, nan ma shiru. Ya tambaya nan ina ne, aka ce masa Gaya. Ya matsa gaba ya tambayi wani, aka ce Gaya. Ya tambayi mutum ya kai biyar, har wasu suka fara dariya, wata mata ta ce a bar shi, bawan Allah ne, kansa ne ya taɓu. Daga nan bai ƙara tambayar kowa ba, ya bi hanyar da ta gangara kogi.

Da Sagiru ya ji kogi bai tsaya jin sauran ba. Ya bi gangaren da gudu-gudu, jakar tana dukan bayansa, ya wuce masu kifi, ya wuce masu wanki. Ruwan ya buɗe a gabansa, faɗinsa ya fi duk yadda ya karanta, jiragen kwale-kwale suna ɗaure a gaɓa. Ya bi fuskoki, ya bi fararen riguna, ba shi. Ya buɗe baki zai kira, sai ya rasa da wane suna, don bai taɓa kiran sunan mahaifinsa da bakinsa ba, in kuma ya ce Baba rabin mutanen wurin za su waiwayo.

A bayan wani ɗan masallaci ya same shi, zaune a ƙasa a gindin mangwaro, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Lafiyarsa ƙalau, ba rauni, ba komai. Sagiru ya durƙusa a gabansa yana haki, hamdala tana fita daga bakinsa ba tsari. Ya ɗauka faɗa zai sha, kuma ya shirya shan sa. Amma tsohon ya ɗago ya daɗe yana duban fuskarsa, kamar mai karatun rubutun da ya dushe.

"Sagiru ne ko?"

"Ni ne, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Kai dai na gane ka." Ya kama hannunsa, ya rage murya. "Abin Yaya Kabo ne ya zo mini. Na zo Gaya ban gane ta ba. Kada ka gaya wa Abba tukuna."

Ya ci gaba a hankali, kamar mai ba da rahoton gonar wani. Ya ce da ya hango ruwa daga mota sai ya ce Wudil ce, an kusa. Da aka ce an iso ya sauka, bai ga sakatariya ba, bai ga kasuwa a inda ya san ta ba, bai ga fuska ɗaya da ya sani ba a garin da ya yi shekara saba'in yana shiga. Kowa kuma ya ce masa Gaya ce. Mutum biyar ba za su haɗu su yi wa tsoho ƙarya ba. Shi ya sa ya zo nan ya zauna, yana jera sunayen 'ya'yansa da jikokinsa, don ya ga nawa suka rage masa.

Hawaye ya cika idon Sagiru. Ya ce Baba ba haka ba ne, garuruwan biyu ne, wannan Gayar Nijar ce, tasu tana can inda suka bar ta, tafiyar fiye da yini. Ya faɗa da sauri, ya maimaita. Malam Da'u ya yi ɗan murmushi, ya bubbuga hannunsa.

"Haka ne. Haka muke ce wa Yaya Kabo. Allah ya yi maka albarka."

Sagiru ya ce ya rantse da Allah. Tsohon ya ce kada ya rantse, shi ma ya sha rantsewa don a samu wan nasa ya ci abinci, yana neman gafara daga baya. Sagiru ya nuna kogin, ya ce yaushe Gaya ta yi kogi? Tsohon ya ce shi ma abin da ya tambayi kansa ke nan, sai ya tuna Yaya Kabo ya taɓa rantsuwa cewa babu tsamiya a ƙofar gidansu, alhali a gindinta yake zaune. Sagiru ya kira wani mai jirgi ya ce don Allah ya gaya wa tsohon nan wace ƙasa ce. Mutumin ya ce Nijar. Malam Da'u ya gode masa da irin godiyar da ake yi wa wanda aka roƙa ya taya lallashi. Duk abin da aka kawo masa, ya riga ya taɓa miƙa wa wani irinsa da hannunsa.

Saura hanya ɗaya, kuma Sagiru ya san kuɗinta. Abba ba ya lallashi, ko a zamanin Baffa Kabo shi kaɗai ne bai iya cewa haka ne ba, har ana jin haushinsa. In ya kira shi, ƙaryar ɗazu ta tonu, kuma har su tsufa Abba ba zai daina tuna masa ranar da ya ɓatar da mahaifinsu a ƙasar mutane ba. Ya dubi tsohon, ya ga leɓensa na motsi, ya koma jera sunaye. Ya danna kiran, ya buɗe murya, ya sa wayar a hannun mahaifinsa.

Abba ya ɗauka da faɗa, yana tambayar wane irin barci ne wannan. Da ya ji muryar Baba sai ya sauko ya gaishe shi.

"Abba, kana ina?"

"Ina Gaya, Baba. Yanzu na fito daga ofis, ina bakin sakatariya."

Malam Da'u ya gyara zama. "Me kake gani?"

Abba ya ce me kuwa zai gani, ga masu babur, ga Hanne mai ƙosai tana haɗa wuta, ga motar Ajingi tana lodi, ƙasa duk ta jiƙe.

"Akwai kogi?"

"Kogi kuma, Baba? A Gaya? Kuna ina ne wai? Ina Sagiru?"

Tsohon ya sauke wayar a gwiwarsa, Abba yana ta magana a ciki, ya dubi ruwan, ya dubi masu jirgin, ya dubi allon wani shago da aka rubuta da Faransanci. Sannan ya ja wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya ɗauki wayar ya ce wa Abba irin dawar yana cikin randar da ke bayan ƙofar ɗakin matarsa Hure, ƙarƙashin buhun wake, ba na cikin rumbu ba, kuma a fara da gonar gabas. Ya ce sauran zancen Sagiru zai yi masa bayani, ya kashe.

Sagiru ya ji sanyi a ransa har ya kusa yin dariya. Ya ciro maganin da gorar ruwa ya miƙa. Malam Da'u ya sha, ya mayar da hularsa, ya daidaita ta. Sai ya juyo.

"Kai ka san da wannan garin?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun a gida. So na yi in kawo ka ka gani, mu yi dariya."

"Ka san da wata Gaya, ba ka gaya mini ba." Bai ɗaga murya ba. "Tun azahar nake zaune a nan ina yi wa kaina ta'aziyya."

Sagiru ya sunkuyar da kai. Ya ce Baba ya yafe masa. Tsohon ya ce ya yafe, ya dafa mangwaron ya miƙe da kansa, bai kama hannun da aka miƙa masa ba. Ya kakkaɓe rigarsa, sannan ya buɗe tafin hannunsa a gaban ɗan nasa.

Sagiru bai gane ba da farko. Da ya gane, sai ya zuge jakar ya ciro katin, ya ciro wayar, ya haɗa da kwalin maganin, ya zuba masa. Malam Da'u ya duba hoton da ke jikin katin, ya sa su duka a aljihun gaba, ya danna da hannu. Wayar Sagiru ta fara ƙara, sunan Abba a kai.

"Ɗauki," in ji tsohon. "Ni zan je in tambayo mana motar Kano."

Ya kama hanyar tasha, yana tafe a gaba. Sagiru ya biyo shi a baya, da jaka a kafaɗa da wayar a kunne.